Bonds, Aaron da Ruth: yadda ƙwayoyin ƙara kuzari suka dagula lissafin gwanayen besbol

Ƙwallon da Barry Bonds ya buga ranar 7 ga Agusta, 2007 a San Francisco tana ajiye a gidan tarihin besbol da ke garin Cooperstown, jihar New York, da tabo a jikinta. Ita ce ta 756 da ya tsallakar da katangar fili, kuma da ita ya zarce Hank Aaron mai 755. Wani attajiri mai sana'ar tufafi, Marc Ecko, ya saye ta a gwanjo kan dala dubu 752 da ɗoriya, sannan ya tambayi jama'a ta intanet abin da suke so a yi da ita. Waɗanda suka fi yawa suka ce a zana mata alamar tauraro, irin wadda ake sawa a gefen lamba cikin littafi don a nuna akwai magana a ƙasa. Haka kuwa aka yi. Amma a kundin hukumar wasan, wato MLB, babu tauraro ko ɗaya. Bonds ne na farko da 762, shi ke nan.

Ga wanda bai saba da wasan ba, ga yadda yake a taƙaice. Mai jifa yana tsayawa a kan ɗan tudu, tazarar mita 18 da 'yan kai daga mai bugu, ya wurgo ƙwallo mai tauri da gudun da kan wuce kilomita 150 a awa ɗaya. Mai bugu, riƙe da sanda mulmulalliya, yana da ƙasa da rabin daƙiƙa ya gane inda ƙwallon za ta bi, ya kai mata duka ko ya ƙyale ta. Wanda yake dacewa sau 3 cikin 10 gwani ne a wannan sana'a. Idan ya maka ta ta tsallake katangar ƙarshen fili, ita ake kira homron, sai ya zagaye tashoshi huɗu babu mai tare shi. Idan kuma mai jifa ya kauce wa hanya sau huɗu, mai bugu ya wuce tasha ta farko kyauta. Wani lokaci da gangan ake yin haka, don tsoron sandar mutum.

Masu musu kan Pele, Maradona da Messi da ido suke hukunci, kowa da abin da ya gani ko aka ba shi labari. Masoya besbol kuwa da lamba suke musu. Sama da shekara 100 ana rubuta kowane bugu, har yaro ɗan firamare ya haddace cewa Babe Ruth ya yi homron 60 a 1927, da 714 a tsawon rayuwarsa ta wasa, cewa Roger Maris ya yi 61 a 1961, cewa Ted Williams ya dace a kashi 40.6 cikin 100 na bugunsa a 1941 kuma tun daga nan babu wanda ya sake kai 40 a manyan lig biyu na ƙasar. Wannan ya sa suka yarda cewa za a iya ɗora ɗan wasan 1927 da na 2001 a sikeli ɗaya. Zamanin ƙwayoyi ya karya wannan yarda. A ganina dama can sikelin a karkace yake, ƙwaya ta sa dai aka lura.

A 1994 'yan wasa suka shiga yajin aiki, har aka soke gasar ƙarshe ta shekarar, abin da Yaƙin Duniya na Biyu ma bai jawo ba. 'Yan kallo suka yi fushi, filaye suka rage cika. Sai ga 1998: Mark McGwire na St. Louis da Sammy Sosa na Chicago Cubs suka shiga tseren karya tarihin Maris, McGwire ya ƙare da 70, Sosa da 66. Kuɗi ya dawo, talabijin ya dawo. A watan Agustan shekarar wani ɗan jaridar Associated Press, Steve Wilstein, ya hango kwalbar androstenedione, wani maganin ƙara tsoka, a ma'ajiyar kayan McGwire, ya rubuta. Maganin haramun ne a gasar Olamfik a lokacin, amma besbol ba ta hana shi ba. Maimakon a tuhumi ɗan wasa, ɗan jaridar aka yi wa ca, wai yana leƙe-leƙe.

Lambobin da suka biyo baya ba sa buƙatar dogon sharhi. Daga 1927 zuwa 1997, shekara 70, mutum biyu kacal suka kai homron 60 a kaka ɗaya. Daga 1998 zuwa 2001 an kai sau shida: McGwire 70 da 65, Sosa 66 da 63 da 64, Bonds 73. Sosa ya haura 60 sau uku, kuma a cikin ukun babu shekarar da ya zo na ɗaya. Bayan 2001 sai abin ya ɗauke ɗif, babu wanda ya sake kai 60 sai a 2022, da Aaron Judge ya yi 62. Ruwa ba ya tsami banza. McGwire ya amsa da bakinsa a Janairun 2010 cewa ya yi amfani da sitiroyid, har da shekarar 1998. Sosa kuma jaridar New York Times ta ruwaito a 2009 cewa sunansa na cikin waɗanda gwajin 2003 ya kama.

Ina hukuma take duk wannan lokaci? Dokar Amurka ta sa sitiroyid cikin magungunan da ba a mallaka sai da izinin likita tun 1990, kuma a 1991 kwamishinan wasan, Fay Vincent, ya aika wa kulob-kulob takardar haramci. Sai dai babu gwaji, domin ƙungiyar 'yan wasa ba ta amince ba, masu kulob kuma ba su matsa ba. Sai a 2003 aka yi gwajin farko, shi ma a asirce, babu hukunci, don kawai a san girman matsalar. Fiye da kashi 5 cikin 100 suka faɗi, duk da sun san gwajin na tafe. A Maris 2005 majalisar dokokin Amurka ta kira manyan 'yan wasa. McGwire ya yi ta maimaita cewa bai zo don maganar abin da ya wuce ba. Rafael Palmeiro ya nuna 'yan majalisa da yatsa ya rantse bai taɓa sha ba, watanni biyar bayan haka aka dakatar da shi kan stanozolol, wani nau'in sitiroyid. Daga 2006 hukunci ya koma dakatarwa ta wasa 50 a karon farko, 100 a na biyu, kora ta har abada a na uku, a 2014 kuma aka ɗaga na farko zuwa 80, na biyu zuwa 162. Rahoton tsohon sanata George Mitchell na Disamba 2007 ya ambaci 'yan wasa kusan 90, ya kuma ɗora laifi a kan kowa, daga ofishin kwamishina zuwa masu kulob da ƙungiyar 'yan wasa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

To me ƙwayar take yi a zahiri? Masu kare Bonds sukan ce babu allurar da ke koya wa ido ganin ƙwallo, kuma gaskiyarsu ne. Mutum na farko da aka dakatar ƙarƙashin sabuwar doka a 2005, Alex Sanchez na Tampa Bay, homron 6 ya yi a duk rayuwarsa ta babban lig. Taki ba ya mayar da fako fadama, amma gonar da dama ƙasarta mai kyau ce, in ta samu taki, sai rumbu ya kasa ɗauka. Sitiroyid kwaikwayon sinadarin namiji ne na testosteron. Yana ƙara tsoka, yana kuma sa jiki ya warware da wuri bayan motsa jiki mai tsanani. Wannan na biyun ya fi muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin kakar besbol wasa 162 ce a cikin wata shida, kusan kullum ana fili. Ɗan shekara 37 da zai tashi da safe jikinsa kamar na ɗan 27 ya samu abin da horo kaɗai ba ya bayarwa.

Wani masanin fiziks na Jami'ar Tufts, Roger Tobin, ya yi lissafin da aka wallafa a 2008: ƙarin tsoka da kashi 10 cikin 100 zai iya ƙara gudun ƙwallon da aka buga da kusan kashi 4, wannan ɗan ƙari kuma zai iya ɗaga yawan homron da kashi 50 ko fiye. Da farko abin kamar ƙari gishiri, amma dalilinsa a fili yake. Babban mai bugu yana da ƙwallaye masu yawa da ake cafkewa taku kaɗan kafin katanga. Ka ƙara wa kowacce mita huɗu ko biyar, sai su koma can bayan katanga. Wanda bugunsa dama a tsakiyar fili yake faɗuwa, mita biyar ba ta canza masa komai. Shi ya sa ƙwaya ta fi amfanar wanda ya fi kowa rashin buƙatarta.

Nan ne labarin Bonds yake da ciwo. A ƙarshen kakar 1998, yana ɗan shekara 34, yana da homron 411 da satar tasha 445 (wato rugawa zuwa tasha ta gaba ba tare da an buga ƙwallo ba), shi ne mutum na farko da ya haɗa 400 da 400. An zaɓe shi gwarzon lig sau uku, a 1990, 1992 da 1993, ya kuma karɓi kyautar gwanin tsaron fili sau takwas. Da ya ajiye sanda a ranar, babu mai jayayya kan girmansa. A watan Mayun 1998 ma kocin Arizona, Buck Showalter, ya ba shi wucewa kyauta alhali duk tashoshi a cike suke, wato ya gwammace ya ba da maki ɗaya da hannunsa da ya bar shi ya buga. Amma a waccan shekara duniya McGwire da Sosa take kallo.

Kafin 2000, mafi yawan abin da Bonds ya taɓa yi a kaka ɗaya 46 ne. A 2001, shekarar da ya cika 37, ya yi 73. Daga 2001 zuwa 2004 ya lashe kyautar gwarzo sau huɗu a jere. A 2004, yana cika 40, an ba shi wucewa kyauta sau 232, a ciki 120 da gangan, kuma ya isa tasha a kashi 60.9 cikin 100 na zuwansa bugu. Babu wanda ya taɓa yin haka, ko Ruth, ko Williams. Homron 317 daga cikin 762 ɗinsa ya yi su ne daga kakar 2000 zuwa gaba, shekarun da ƙashin sauran mutane ke fara ƙara. Akwai dattawan da suka yi tashe a baya: Williams ya dace a kashi 38.8 a 1957 yana dab da 40, Aaron ya yi 47 a 1971 yana 37. Su kam sun riƙe matsayinsu ne na da. Bonds ya zama wani ɗan wasa dabam wanda ya fi na ƙuruciyarsa nesa ba kusa ba.

A Satumban 2003 jami'an gwamnatin tarayya suka kai samame kamfanin BALCO na Victor Conte a Kaliforniya, inda ake rarraba wani sitiroyid mai suna THG da aka ƙera don gwaji ya kasa gano shi. Mai horar da Bonds, Greg Anderson, na cikin waɗanda aka ɗaure. Bonds ya shaida a gaban kotu cewa ya karɓi wani ruwa da wani man shafawa daga hannun Anderson, amma ya ɗauka man tsirrai ne da maganin ciwon gaɓoɓi. An gurfanar da shi a 2007, aka same shi da laifin kawo cikas ga shari'a a 2011, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2015. MLB ba ta taɓa dakatar da shi kan sitiroyid ba. A shari'ance ke nan ba shi da laifi. Mai karatu ya dubi lambobin ya yi nasa hukuncin, ni dai na yi nawa.

Duk da haka, ɗora komai a kan ƙwaya ragon lissafi ne. An ƙara kulob biyu a 1993 da wasu biyu a 1998, abin da ya shigo da masu jifa da da can ba za su samu gurbi ba. Ɗaya daga cikin sababbin yana Denver, mita 1,600 sama da teku, inda iska ba ta da kauri kuma ƙwallo ke tafiya nesa. Masu jifa su ma sun sha, kuma sunan Roger Clemens, wanda ya musanta, shi ya fi kowanne ƙara a rahoton Mitchell. Sannan ga wata lamba mai rikitarwa: a 2000, tsakiyar zamanin ƙwaya, homron 5,693 aka yi a duk kakar. A 2019, ana gwajin fitsari da jini, aka yi 6,776. Binciken da MLB ta sa aka yi ya nuna ƙwallon kanta ta rage jan iska, masu bugu kuma sun koyi ɗaga ta sama. Sai dai a lura: a 2019 wanda ya fi kowa, Pete Alonso, 53 ya yi. Sauyin ƙwallo ya ɗaga kowa da kowa kaɗan-kaɗan. Zamanin ƙwaya kuwa mutane ƙalilan ya ɗaga zuwa inda ba a taɓa zuwa ba. Wannan bambanci shi ne hujja mafi ƙarfi da na sani cewa 70 da 73 ba aikin ƙwallo ba ne.

Sai mu koma ga waɗanda ake kira masu tsarki. Babe Ruth ya yi 54 a 1920, fiye da abin da kowane kulob na lig ɗinsa ya tara gaba ɗaya in ban da nasa. Babu wanda ya taɓa yi wa tsararsa irin wannan fintinkau. Amma duk rayuwarsa bai taɓa fuskantar baƙar fata mai jifa a wasan lig ba, domin an rufe musu ƙofa har 15 ga Afrilu, 1947, ranar da Jackie Robinson ya fito wa Brooklyn Dodgers. Satchel Paige yana can yana jifa a lig ɗin baƙaƙe. Josh Gibson, wanda ake cewa shi ne Ruth na baƙaƙe, ya rasu a Janairun 1947 yana ɗan shekara 35, watanni uku kafin ƙofar ta buɗe. Da MLB ta shigar da alƙaluman lig-lig ɗin baƙaƙe cikin kundinta a Mayun 2024, sai Gibson, da kashi 37.2, ya hau saman Ty Cobb, wanda da shi ne na farko a dacewar bugu. Dare ɗaya tarihin da aka haddace shekara da shekaru ya sauya mai shi, ba tare da kowa ya ɗaga sanda ba. Yau kuma mai bugu yana fuskantar gwanaye daga Jamhuriyar Dominika, Benezuwela, Kuba da Japan, sababbin hannaye suna shigowa ɗaya bayan ɗaya cikin wasa guda.

Zamanin Aaron da Willie Mays, mai homron 660 kuma uban gidan Bonds tun yana yaro, shi ma da tasa ƙwayar. Amfetamin ya cika ɗakunan 'yan wasa tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ba a fara gwajinsa ba sai 2006. Aaron kansa ya ce ya gwada sau ɗaya a 1968, zuciyarsa ta yi ta bugawa, bai ƙara ba. Wasu na cewa ai duk kanwar ja ce. Ban yarda ba. Amfetamin yana kore gajiya ta yini ɗaya, sitiroyid yana sake gina jikin ne, kuma babu wani tsalle a lambobin shekarun 1960 mai kama da na 1998. Akasin haka ma aka gani: a 1968 masu jifa suka danne kowa har Carl Yastrzemski ya zama zakaran bugu na lig ɗinsa da kashi 30.1 kacal, dole aka rage tsawon tudun jifa daga inci 15 zuwa 10. A irin wannan zamani Aaron ya tara nasa, bai taɓa wuce 47 ba, shekara bayan shekara har 23, ya kuma karya tarihin Ruth ranar 8 ga Afrilu, 1974 a Atlanta yana karɓar wasiƙun barazanar kisa saboda launin fatarsa.

Masu lissafin zamani sun nemi mafita ta hanyar auna kowa da tsararsa. Akwai ma'aunin da ke haɗa yawan isa tasha da ƙarfin bugu, a daidaita shi da fili da shekara, a ce matsakaicin ɗan wasa 100 ne. A kansa Ruth yana da 206, Williams 191, Bonds 182, Aaron 155. Ma'aunin yana maganin matsalar Denver da ta tudun jifa, amma ba ya ganin waɗanda aka hana shiga fili a zamanin Ruth, kuma a zamanin ƙwaya matsakaicin kansa gurɓatacce ne. Wanda bai sha ba ana auna shi da taron da wasunsu suka sha. Fred McGriff ya yi homron 493, ba a taɓa danganta shi da komai ba, amma kusa da masu 60 da 70 sai ya zama kamar ba kowa ba. Shekara 10 sunansa na gaban 'yan jaridar da ke zaɓen shiga Zauren Gwarzaye, inda ake karrama manyan gwanayen wasan a Cooperstown, bai samu ko kashi 40 ba, sai wani kwamiti ya shigar da shi a ƙarshen 2022. Ken Griffey Jr. ya yi 56 a 1997 da 56 a 1998, bayan ya haura 30 raunuka suka yi masa rubdugu kamar yadda suke yi wa ɗan Adam, ya ƙare da 630. Akwai kuma waɗanda ba mu san sunansu ba, da suka ƙi allura suka rasa gurbi suka koma gida.

Me ya hana a goge lambobin kawai? Binciken BALCO ɗin nan ya taɓa Najeriya ta wata hanya da ke amsa tambayar. Kocin tsere Trevor Graham ne ya aika wa hukumar yaƙi da ƙwayoyi ta Amurka sirinji mai ɗauke da THG a 2003. A shari'ar da aka yi masa a 2008, ɗan tserensa Antonio Pettigrew ya amsa cewa ya sha ƙwaya a lokacin Olamfik na Sydney na 2000. Aka ƙwace zinaren gudun ba-ni-in-ba-ka na mita 400 sau huɗu daga Amurka, a 2012 aka ba Najeriya da ta zo ta biyu, bayan Sunday Bada ya riga ya rasu a Disamban 2011. A tsere an san wanda ya zo na biyu. A besbol kowane homron na Bonds yana rubuce a kan wani mai jifa, ya sauya sakamakon wani wasa, ya shafi matsayin wani kulob, kuma wasu daga cikin masu jifar su ma a kan allurar suke. Ka zare zare ɗaya, duk saƙar ta warware.

In aka tilasta mini in zaɓi gwanin bugu, Ted Williams zan ce. Ya isa tasha a kashi 48.2 cikin 100 a tsawon rayuwarsa ta wasa, ya yi homron 521 duk da kaka uku cur da Yaƙin Duniya ya cinye masa daga 1943 zuwa 1945, da mafi yawan 1952 da 1953 da ya yi a matsayin matuƙin jirgin soja lokacin yaƙin Koriya, kuma fiye da rabin wasansa ya yi shi bayan an buɗe wa baƙaƙe ƙofa. Bonds na kafin 1999 yana sahun Mays a matsayin cikakken ɗan wasa. Bonds na bayan nan ba na sa shi a sahun kowa, domin tabonsa da na Ruth ba iri ɗaya ba ne. Ruth ba shi ya kafa wariyar launin fata ba, ya tarar da ita. Abin da ake zargin Bonds da shi zaɓi ne.

Zauren Gwarzaye na Cooperstown kuwa ya kasa tsayawa a magana ɗaya. Ana buƙatar kashi 75 na ƙuri'un 'yan jarida, Bonds ya ƙare shekararsa ta goma a 2022 da kashi 66, Clemens da 65 da ɗoriya. A zaɓen nan ɗaya David Ortiz ya shiga a karon farko, duk da an ruwaito sunansa cikin jerin 2003, jerin da hukumar kanta ta ce ba duka sakamakonsa ne abin dogaro ba. Bud Selig, wanda ya shugabanci wasan daga 1992 zuwa 2015, wato duk tsawon zamanin ƙwaya, ya shiga tun 2017. In dai akwai allon tagulla na wanda ya kula da shagon lokacin da ake cinikin, ban ga dalilin hana Bonds nasa ba, muddin za a rubuta BALCO a jikinsa kusa da 762.